Jitar Hamma da Injin Ban Ruwa

Bunkure, watan Disamba

Zuwa ga ɗan goggona Mukhtari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na kasuwar gwari. Yaya Legas, yaya fama da jama'a? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Goggo tana nan da ƙarfinta, jiya ma na same ta tana faɗa da awakin maƙwabta. Fatu da yara suna gaishe ka.

Na san za ka yi dariya in Amiru direba ya miƙo maka takarda daga tsakanin kwandunan tumatir, ka ce Badamasi ya koma zamanin kakanni. Yi dariyarka. Ka daɗe kana ƙorafin ba na ɗaukar waya, in na ɗauka kuma sai na'am da to nake ta jera maka. Na ce maka sabis ne. Ba sabis ba ne, kunnena ne.

Tun bara abin ya fara. Tsuntsaye ne suka fara ɓace min. Ka san yadda suke cika gonar shinkafa da surutu, sai na riƙa ganin bakinsu yana motsi ba na jin komai, har na ce tsuntsayen bana sun yi hankali. Daga nan muryar mata ta fara dusashewa. Fatu za ta yi magana daga madafa, in ji kamar ta cusa kanta a randa. Na je asibiti a Kano, likita ya kifa min wani abu a kunne ya yi ta danne-danne, ƙarshe ya ce jijiya ce take mutuwa, siraran sautuka ne suke fara tafiya, masu kauri su biyo baya. Ya tambaya ko akwai kurma a danginmu, na ce kakanmu Malam Datti, wanda ni da kai muke laɓewa a bayansa muna kiran sunansa gatsal muna ƙyalƙyala dariya. Ya tambayi sana'ata, na ce tun ina saurayi a gindin injin ban ruwa nake wuni. Na'urar da suka gwada min ba ta ƙara min komai ba sai hayaniya. Bai yanka min rana ba, ya dai ce in akwai abin da nake son ji, in ji shi yanzu.

Abin da nake son jin zai ba ka mamaki. Mu masu gonakin bayan kanal mun ɗauki mai gadin injuna, wani Buzu dogo mai suna Hamma, wanda magana take yi wa wuya kamar biyan haraji. Yana da tsohuwar jita da yake kaɗawa a bakin bukkarsa bayan la'asar. Babban yatsansa yana kan tsirkiya mai kauri, yana dukanta wuri ɗaya ba ya sauyawa, sauran yatsun suna yawo a kan siraran kamar mai tsince shinkafa a faifai. Kiɗan ba ya zuwa ko'ina, Mukhtari, kuma ba ya ƙarewa. Ranar da na fara jin sa na tsaya da tiyo a hannu har ruwa ya fasa kunya ya shiga gonar maƙwabci.

Na roƙe shi ya koya min. Kiɗa ɗaya tak nake so. So nake in sa shi a hannuna da cikin kaina kafin kunnen ya rufe, don in na shiga inda Malam Datti ya shiga, in shiga da wani abu. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Kada ka gaya wa Goggo jikan malam ya zama makaɗi, don ba ni da kunnen jin faɗanta, amma ina da idon ganin fuskarta. Ka rubuto ta hannun Amiru.

Ka huta lafiya. Naka,
Badamasi


Bunkure, watan Janairu

Ɗan Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fata sanyin bana bai kai muku can ba. Saƙonka ya iso, da tsirkiyoyin da ka sayo, Allah ya saka da alheri. Na kuma ga inda ka rubuta cewa in na ƙware za ka ɗauke ni roƙo a bikinka. Ka fara samo matar tukuna.

Ka tambayi yadda karatun yake tafiya. Yana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Yatsun da suka shekara suna riƙe fartanya ba sa lanƙwasuwa, kan manunina ya tsage, Fatu tana shafa min man kaɗanya tana tambayata wace irin ƙaya ce a gonar nan. Da na gaji da ƙarya na gaya mata. Washegari sai ta kawo abincin gona da kanta, kuma kwanon ya ishi mutum biyu.

Bari in gaya maka yadda Hamma yake saita jitarsa, don a nan sirrin yake. Ya ce mutanen birni suna saita tasu yadda sai ka danne wurare da yawa kafin ta yi magana mai daɗi. Shi kuwa yana saita tasa a buɗe, ko ba ka danna komai ba, in ka shafa tsirkiyoyin gaba ɗaya sai su amsa da baki ɗaya. Mai kaurin yana ce mata uwa, sauran 'ya'ya. Uwa ba ta motsi, ƙugi kawai take yi daga farko har ƙarshe, 'ya'yan su fita su zaga su dawo gindinta. Na tambaye shi da me yake gane inda uwa za ta zauna. Ya ce a garinsu da muryar yayansa yake gwadawa, a nan kuwa ba shi da yaya, sai ya nuna min injina da haɓa. Ashe duk watannin nan da ƙugin injina yake saita ta. Injin da ya cinye min kunne, wai shi ne malamin kiɗa.

Ya koya min in manna cikin jitar a ƙirjina in zauna kusa da injin. In uwa ba ta dace da shi ba, za ka ji suna kokawa a cikin haƙarƙarinka, wani ɓar-ɓar-ɓar kamar fukafukin kaza. Kana murɗa makullinta a hankali kokawar tana lafawa, har su zama abu ɗaya. Wannan kam na fi Hamma iyawa, shi da kansa ya faɗa, kuma ba mutum ne mai yabo ba.

'Ya'yan ne matsalata. A watan jiya ina jin su daga inda nake zaune. Yanzu sai na kwantar da muƙamuƙina a kan katakon, kamar mai sauraron cikin kankana, sannan nake tsinkayar su can nesa. Ta ƙarshen, mafi siranta, ta riga ta tafi. Ina ganin tana rawa in na taɓa ta, shi ke nan. Hamma yana kama yatsana ya ajiye inda ya dace, in na kuskure ya buge min gwiwa. Gwiwata ta sha duka, amma na riƙe kusan rabin kiɗan.

Wani lokaci ina lissafin wanda zai riga isa tsakanin hannuna da kunnena, sai in ga kunnen ya fi sauri. Ka sa ni a addu'a.

Tumatir ya yi kyau bana, sai dai ka fi ni sanin yadda kasuwa ta faɗi. A gaishe da mutanen rumfa.

Naka,
Badamasi


Bunkure, watan Fabrairu

Mukhtari,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai godiya. Wannan ba za ta yi tsawo ba, Amiru yana kan lodi a Kadawa.

Hamma ya tafi. Yayan nan nasa ne ya rasu, aka aiko masa, ga iyali ga dabbobi ba mai dubawa. Ya ce zai dawo, na ce Allah ya sa, mu duka biyun mun san ba bana ba.

Ya bar min jitar. Na ƙi karɓa, ya rataye ta a bukka ya ce ba ya son ya shiga gidan makoki da ita. Kafin ya tafi ya ɗaura sababbin tsirkiyoyinka, ya bar su suka kwana biyu suka zauna, sannan ya saita su tsaf. Ya matso daidai kunnena na hagu, wanda ya fi dama-dama, ya ba ni umarni biyu. Uwa tana saki saboda dukan da take sha, don haka kullum in gyara ta da injin kafin in fara. 'Ya'yan kuwa kada in kuskura in taɓa makullansu, tunda ba na jin su, in bar su inda ya ajiye su. Ya kaɗa min kiɗan daga farko har ƙarshe, muƙamuƙina yana kan katakon, yatsunsa suna wucewa ta gaban idona. Ban ji duka ba, amma na ji abin da ya sa na kasa ɗago kai da ya gama.

Ka ce akwai abin saita jita a waya. An nuna min. Allura ce take kaɗawa tana nuna haruffan boko, ni kuwa ban san harafin da Hamma ya ajiye kowace tsirkiya a kai ba, shi ma bai sani ba, bai taɓa buƙata ba.

Yanzu daga ni sai injin. Bukkar ta yi min faɗi. Goggo tana gaishe ka, ta ce ka rage cin barkonon Yarbawa.

Naka,
Badamasi


Bunkure, watan Maris

Zuwa ga ɗan goggona, mai baƙin surutu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta kasuwa. Zafi ya sauka a nan, ruwan kanal ya ja baya, amma muna lallaɓawa. Yau da labari mai daɗi na zo, ka gyara zama.

Na haɗa kiɗan. Daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, babban yatsa yana aikinsa ba ya jiran umarnina. Ban san ranar da abin ya faɗa hannuna ba. Na dai duba wata la'asar na ga ina kallon balbelu a kan kunya, hannun yana tafiya shi kaɗai.

Saura kaɗan wata matsala ta ɓata min lissafi. Fetur ya gagari kowa, duk layinmu an koma gas. Hambali makanike ya zo ya sauya wa injina kafireta, ya jona masa tukunyar gas irin ta girki, sai ka ce shayi za mu dafa. Yana jan ruwa lafiya lau. Amma da na manna jitar a ƙirji sai na ji kokawar nan ta dawo, mai ƙarfi kuwa. Na ce lallai uwa ta gudu da yawa saboda zafi. Na yi ta murɗawa ina sassauta ta, maimakon ɗaurewar da na saba, har suka daidaita da injin. 'Ya'yan ban taɓa su ba, kamar yadda aka umarce ni. Hamma zai yi alfahari da ɗalibinsa.

Fatu takan zauna a kan buhu in ta kawo abinci, ta saurara har in gama. Na tambaye ta, ta ce da daɗi. Masu gonakin kusa in sun wuce sukan ɗaga min babban yatsa. Har na fara tafiya da wata taƙama, ka san halina.

Sauran labarin ba daɗi. Kunnen dama ya rufe ɗif. Na hagu yana nan kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa. Muryar Fatu ta tafi, Mukhtari. Bakinta nake karantawa yanzu, in ta juya baya shi ke nan ta yi shiru. Rannan autarmu ta faɗi ta fasa leɓe a bayana, ban waiwaya ba sai da na ga uwarta ta wuce ni da gudu. Na shiga ɗaki na zauna, ban fito ba sai magariba. A masallaci ma da gwiwar na kusa da ni nake gane an yi ruku'u. 'Ya'yan jitar kuwa, ko na kwantar da muƙamuƙi, wani ɗan zir-zir kawai nake samu, sauran ina cikawa da ka.

Amma na riga kunnen. Abin da nake gaya wa kaina ke nan kullum. Ko gobe ya rufe, na shiga da kayana.

Fatu ta ɗauki kiɗan a wayarta, ta tura maka, ta tura wa Hamma ta lambar wani ɗan'uwansa. Ka saurara ka gaya min gaskiya, ban da iskancin da ka saba.

Naka har kullum,
Badamasi


Bunkure, watan Afrilu

Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Goggo da yara lafiya.

Takardarka ta iso, na karanta inda ka ce kiɗan ya sa ka hawaye, har ka kunna wa mutanen rumfa. Tun muna yara ba ka taɓa yaba min komai ba, ko sabuwar riga na sa sai ka ce ta aro ce. Da na ga takarda guda ba zagi ko ɗaya a ciki, ya kamata in gane.

Hamma ya aiko da amsa, saƙon murya, a wayar Fatu. Ta kara a kunne ina kallonta. Ɗigon nan da yake tafiya a kan layi ya yi ta jan jiki, ya yi ta jan jiki, mutumin da ba ya haɗa jimla uku a wuni. Da ya ƙare na tambaye ta me ya ce. Ta ce ya ce ma sha Allah, yana gaishe ni. Ta faɗa tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Na karɓi wayar na hau mashin sai rumfar Hambali, don shi ko uwarsa ba ya yi wa kara. Ya saurara, ya kama kafaɗata ya yi ta zuba min a kunnen hagu, inda na kasa ji ya maimaita da hannu. Hamma ya ce wa ya taɓa uwa. Ya ce ta sauka ƙasa ta bar 'ya'yan a sama, ba wanda yake amsa wa wani, abin da yake fitowa ba kiɗansa ba ne, ba kiɗan kowa ba ne. Ya ce ya jiyo injin a bayan kiɗan, ba muryar da ya sani ba ce, me aka yi masa. Hambali ya ce ai dole, inji in ya koma gas ba ya juyawa kamar da, muryarsa takan sauka. Ashe ba uwa ce ta gudu ba, injin ne ya sauya, ni kuma na kamo ta na bi shi da ita. Umarni biyu aka ba ni, na bi kowanne sau da ƙafa, su suka kai ni rami. A ƙarshen saƙon Hamma ya ce hannun daidai yake, ko yatsa ɗaya ban ajiye a inda bai dace ba. Hambali ya ɗauka wannan zai faranta min rai.

Tun daga ranar da aka jona tukunyar nan, kenan, nake zaune a bakin bukka ina zuba ɓarna, ina lumshe ido, mutane suna wucewa suna ɗaga min yatsa. Kowa ya sani. Matata ta sani, maƙwabta sun sani, kai ma daga Legas ka sani. An yi min kara irin wadda ake yi wa mara lafiyar da ba zai tashi ba. Na yi fushi da kai, kuma har yanzu ban huce ba.

Na koma gida na yi wa Fatu faɗan da ban taɓa yi mata ba, ban ma san iya ƙarfin muryata ba sai da na ga yara sun fice. Ta bari na gama, ta zo gabana ta tsaya inda zan ga bakinta. Ta ce tun da kunnen ya fara ba ta ƙara ganin fuskata a sake ba sai in ina riƙe da jitar nan, ita kuwa ba za ta iya zama wadda za ta ƙwace min ba. 

Washegari ta biyo ni gona da wayar. Hamma ya rera mata muryar uwa a wani saƙon, ta yi ta saurare tana murɗa makullin da hannunta, matar da ba ta taɓa riƙe jita ba, har ta ce sun dace da 'ya'yan. Na karɓa na manna a ƙirji. Kokawa ce tsantsa, uwa da injin kamar za su fasa min haƙarƙari. Wato in ta yi wa masu kunne daidai, ni ta yi min karkace, in ta yi min daidai, su ta yi musu karkace. Na tashi na kashe injin. Na dawo na kaɗa, ba abin da ya iso gare ni sai ƙugin tsirkiya ɗaya a ƙashin ƙirji. Na kwantar da muƙamuƙi a kan katakon, ko zir-zir ɗin nan babu. Na hagun ma ya kusa gamawa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan. Na rufe ido na nemi kiɗan a cikin kaina, yadda Hamma ya kaɗa min ranar da zai tafi. Ba ya nan. Wanda yake zuwa shi ne na watannin nan, karkataccen, shi na yi ta tusawa kullum har ya danne na asalin. Na ce zan shiga da kayana, ga kayan da na ɗauko. Kuma ba sauran ƙofar da za a shigo min da wani.

Ban daina zuwa bukkar ba, ban san dalili ba. Bayan la'asar in na gama ban ruwa nakan kashe injin, Fatu ta saita jitar, ta koma kan buhunta. In kaɗa daga farko har ƙarshe. Jiya na ga ta tsayar da ido a kan kanal, ƙafarta tana bin babban yatsana ba ta sani ba, na gane wannan karon ba kara take yi ba. Da na gama ta ce shi ne, shi ne wanda Hamma yake kaɗawa. Na tambaye ta yaya yake. Ta buɗe baki, ta rufe, ta rasa yadda za ta gaya min.

Don kaina na koye shi, Mukhtari, ban koya don kowa ba. Yanzu duk wanda ya bi ta bakin kanal yana da rabo a ciki, ban da ni.

Kada ka ƙara sayo tsirkiya, waɗannan za su kai. In za ka rubuto, ka zage ni yadda ka saba, in san da mai rai kake magana. In kuma ka zo da sallah, kada ka kira ni daga baya. Ka zagayo ta gaba.

Fatu tana gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan kawunka,
Badamasi